Littafin Yaya da Kalori 600 da Suka Ɓuya a Tukunya

Mako shida cif Yaya ta yi tana auna duk abin da za ta kai baki. Likita ne ya ce ta rage nauyi saboda ciwon gwiwa da hawan jinin da ya fara leƙowa, ya tura ta wajen ma'aikaciyar da ke ba da shawara kan cin abinci, ita kuma ta yanka mata kalori 1,600 a rana, wato adadin kuzarin da za ta riƙa samu daga abinci. Yaya ba ta wasa da maganar asibiti. Ta sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ta ware littafi guda ta raba kowane shafi gida uku: sunan abinci, nauyinsa, sai kalorinsa. Kullum da daddare takan tara lissafi, kuma kusan kullum yakan tsaya wajen 1,450, ƙasa ma da abin da aka yanka mata. Amma da ta koma ta hau sikelin asibiti, nauyinta yana nan inda ta bar shi.

"Auta, ni fa na gaji," ta ce da ni a waya. "Jikina ne kawai ya ƙi. Ko ruwa na sha ƙiba yake zame min."

Ni ba likita ba ne, kimiyyar sinadarai nake koyarwa, amma maganar ta tsaya min a rai. Ruwa ba ya tsami banza. In nauyin mutum ya tsaya wuri ɗaya har mako shida, to abin da ke shiga cikinsa ya yi kusan daidai da abin da jikinsa ke ƙonawa, kuma mace mai girman jikin Yaya, mai yini a tsaye, da wuya kalori 1,450 su riƙe ta haka. Ko dai tana ci ba ta rubutawa, ko kuma abin da take rubutawa ba shi ne abin da take ci ba. Na farkon ba baƙon abu ba ne. A 1992 wasu masu bincike a birnin Niyok sun bi diddigin mutanen da ke cewa ba sa wuce kalori 1,200 a rana amma sun kasa ramewa, suka gano cewa abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan kashi 47 cikin ɗari, ba kuma da niyyar yin ƙarya ba. Sai dai na san Yaya. Macen da ke rubuta cokalin sukarin shayinta ba za ta manta da faranti guda ba. Na ce ta ba ni yini ɗaya a kicin ɗinta, ta yi girki yadda ta saba, ni kuma in riƙe biro.

Da littafin na fara. Hanyar lissafinta ba ta da aibu: ta auna abinci, ta duba a wayarta ko a jikin leda kalori nawa ke cikin giram 100, ta ninka da nauyin, ta raba da 100. Na bi shafi goma sha biyar ban tarar da kuskuren ninkawa ko ɗaya ba. Sai na juya kan sikelin. Na auna ruwa mililita 500 na zuba a kwano, tunda mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, ya nuna 500 ɗin ba ragi ba ƙari. Sikeli lafiya, lissafi lafiya. Abu ɗaya ya rage ke nan: lambar nan ta giram 100 da take ɗauka ta ninka.

Kafin mu kunna wuta sai da na yi mata bayanin inda lambar take fitowa, don na lura tana ɗaukarta kamar tambarin da aka halicci abincin da shi. Kalorin da ake rubutawa a jikin leda ainihinsa kilokalori ne, wato zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyos. Masana na farko ƙona abincin suke yi ƙurmus: a busar da shi, a sa shi cikin wata tukunyar ƙarfe mai kauri, a cika ta da iskar oksijin, a nutsa ta cikin ruwa, a kunna da tartsatsin lantarki, sannan a duba yadda ruwan ya ɗau zafi. Amma cikin mutum ba tukunyar ƙarfe ba ne. Wani sashe na abinci yana wucewa ta bayan gida bai narke ba, furotin kuma, sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake, jiki ba ya ƙona shi har ƙarshe, ragowar yana fita ta fitsari.

Wanda ya zauna ya cire wannan asarar shi ne Wilbur Atwater, masanin sinadarai ɗan Amurka da ya yi karatu a Jamus, ya koyar a Jami'ar Wesleyan da ke jihar Konetikat. A shekarun 1890 shi da abokin aikinsa Edward Rosa suka gina wani ɗan ɗaki rufaffe da mutum zai shiga ya yi kwanaki, ana auna abin da ya ci, da abin da ya fitar, da zafin da jikinsa ya saki. Giram ɗaya na furotin yana ba da kalori kusan 5.65 in an ƙona shi, amma in aka cire wanda bai narke ba da wanda ya bi fitsari, sai ya dawo 4. Sitaci da sukari su ma 4. Maiƙo daga 9.4 ya sauko 9. Barasa 7. Waɗannan lambobin, huɗu, huɗu, tara, su ne har yau ƙashin bayan yawancin abin da ake bugawa a jikin kayan abinci. Kamfani ba ya ƙona biskit ɗinsa. Yana auna giram nawa ne furotin, nawa ne maiƙo, nawa ne sitaci, ya ninka, ya tara.

Na ce da ita, "Yaya, a cikin jerin nan kin ji na ambaci ruwa?"

Ta ce a'a.

Ruwa yana da nauyi amma ba shi da kalori ko ɗaya. Gishiri ma haka. Sikeli kuwa ba ruwansa da wannan bambancin, giram ɗin ruwa da giram ɗin mai duk ɗaya ne a wajensa, alhali ɗaya sifili ne ɗaya kuma tara. Shi ya sa giram 100 na kokwamba ba ya wuce kalori 15, giram 100 na man girki kuma ya kai 884. Kuma girki, in ka duba da kyau, rabinsa shigar da ruwa ne cikin abinci ko fitar da shi.

Muka ɗora shinkafa. Yaya takan dafa nata kason daban a ƙaramar tukunya don ta iya aunawa. Ta zuba ɗanya a sikeli har giram 100, ta wanke, ta ɗora, ta buɗe littafi ta rubuta 130. Na tambaye ta inda ta samo 130, ta nuna min a waya: ta rubuta "shinkafa", lambar da ta fara fitowa ta ɗauka. A ƙasan lambar, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa ta dafaffiya ce. Ban ce komai ba sai da shinkafar ta tsotse. Muka juye ta a kwano muka auna: giram 275. Hatsin bai ƙaru ba, ruwa ya sha har giram 175. Ɗanyar shinkafa fara, a kowane giram 100 akwai sitaci kusan giram 80, furotin kusan 7, maiƙo bai kai giram ɗaya ba. Na ba ta biro ta ninka da kanta: 320, da 28, da ɗan abin da ya rage, ya tasam ma 360. Sannan na ce ta raba 360 ɗin a kan giram 275 da ke gabanta. Ta samu 131 a kowane giram 100.

Ta yi shiru tana kallon kwanon. Lambar wayar gaskiya ce, ta abincin da ya riga ya sha ruwa ce, ita kuma tana ɗora ta a kan wanda bai sha ba. Duk ranar da ta ci shinkafa, kalori 230 suna wucewa ba tare da sun taɓa littafin ba. Taliyar da take ci da daddare ma labarin ɗaya ne: giram 80 busasshiya take aunawa, ta ninka da 158 na dafaffiya ta samu 126, alhali busasshiyar tana da kusan 371 a giram 100, wato 297. An sake rasa 170.

Nama kuwa ta ɗaya gefen ya ɓullo. Shi ba ta auna shi ɗanye, don ba ta son ɗora ɗanyen nama a sikelin, sai ya gasu ta yanka nata ta auna. Rannan na sa leda a kan sikelin muka auna ƙirjin kaza marar fata kafin ya shiga wuta: giram 190. Da ya fito, 140. Ruwa ya tafi, furotin ya zauna, saboda haka kowane giram na gasasshen ya fi na ɗanyen ƙarfi. Ɗanye yana da kusan 120 a giram 100, gasasshe kusan 165. Yaya tana ɗaukar nauyin gasasshe ta ninka da lambar ɗanye ta rubuta 168. Ko ta wace hanya aka bi daidai, 190 sau 120 ko 140 sau 165, in aka raba da 100, amsar tana faɗawa wajen 230. Bambancin ba shi da yawa, kalori 63 ne, amma shi ya fi koya mata darasin, don ta ga da idonta cewa hanyoyi biyu na gaskiya suna haɗuwa a wuri ɗaya, gaurayen su ne kawai ke ɓata lissafi.

Inda na fi daɗewa shi ne kan miya, kuma a ganina nan ne mafi yawan masu irin wannan lissafi ke faɗuwa, domin tukunyar kowa da kowa ce, ba ta da leda balle lamba. Yaya tana ɗibar giram 200 a yini, rabi da rana rabi da dare. Tana kallonta a matsayin tumatir, sai ta ninka da 18 ta samu 36, ta ƙara 40 na "mai, ƙaramin cokali ɗaya", ta rubuta 76. Na tambaye ta wa ya auna cokalin. Ta yi murmushi ta ce hannunta ya san gwargwado, shekara nawa tana girki.

Ban yi mata musu ba. Na ɗora kwalbar man gaba ɗaya a kan sikeli na rubuta nauyinta, na ce ta zuba yadda hannunta ya saba, sannan na mayar da kwalbar. Ta ragu da giram 110. Babban cokali ɗaya na mai kusan giram 14 ne, kalori kusan 120, ke nan hannun nata ya zuba wajen cokali takwas. Kuma ba ta yi ɓarna ba, tukunyar gida guda ce, duk wanda ya leƙa zai ce miya ce daidai wa daida. Muka auna sauran: tumatir giram 800, kalori 144, albasa giram 200, kalori 80, man kuma 972. Jimilla 1,196. Man bai wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin kayan ba, amma shi ke ɗauke da sama da kashi huɗu cikin biyar na kuzarin tukunyar.

Daga nan hanyar ba ta da wuya, sai dai tana son haƙuri. Tun kafin a ɗora na auna tukunyar babu komai a ciki. Da miyar ta nuna muka sake aunawa muka cire nauyin tukunya, ya rage giram 900, don tururi ya tafi da nasa kason. Tururin bai tafi da kalori ko ɗaya ba. Aka raba 1,196 a kan giram 900, kowane giram 100 ya tashi da 133. Giram 200 na Yaya kalori 266 ne, ba 76 ba. Wannan lambar ta 133 kuma ta tukunyar rannan ce kaɗai. Gobe in ta bar miyar ta ƙara ƙafewa, ko ta tsinka ta da ruwa, lambar giram 100 za ta canja ko da kayan ba su canja ba. Shi ya sa ban yarda da lambar da waya ke bayarwa a kan dafaffen abinci mai haɗe-haɗe ba: girkin wani ne, a tukunyar wani, da hannun wani a kan kwalbar mai.

Ba duka kurakuran ne suka tafi gefe guda ba, kuma ina so a san haka don kada a ɗauka son zuciya ne ya ja ta. Ayaba tana auna ta da ɓawonta, giram 180, ta ninka da 89 ta caji kanta 160. Lambar 89 ta abin da ake ci ce kawai, ɓawon kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin. Da muka ɓare, giram 115 ya rage, kalori 102. Nan ta cuci kanta da 58. Akwai kuma yogot marar sukari da ta daina sha gaba ɗaya tun makon farko, wai ta ga 255 a jikin robar ta tsorata. Na ɗauko robar. Lambobi biyu ne a jere, 255 da 61. Na farkon kilojul ne, ma'aunin kuzari na tsarin awo na duniya, na biyun ne kilokalori. Kilokalori ɗaya daidai yake da kilojul 4.184. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta wajabta a rubuta duka biyun a kan giram 100, kuma kilojul ke zuwa a gaba, a Ostireliya ma shi ne aka fi amfani da shi, a Amurka kuma kalori ake rubutawa a kan kason ci ɗaya maimakon giram 100. Kaya suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa da tsarin inda aka yi su. Ido ya faɗa kan lambar farko, mako shida Yaya ta hana kanta abin da bai taka kara ya karya ba.

Da yamma muka tara. Shinkafa 230, taliya 170, nama 63, miya 190, a cire 58 na ayaba: 595. Burodi da ƙwai da shayin safe duk lissafinsu daidai ne, don a yadda ta auna su haka ta ci su. Ranar da littafi ya ce 1,450, cikinta ya karɓi kusan 2,045. Da wannan lambar, tsayuwar nauyinta ta daina zama abin mamaki.

Ta jima ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Wato duk wahalar nan a banza na sha?"

Na ce ba a banza ba, kuma har zuciyata nake nufi. Da ba ta rubuta komai dalla-dalla ba, da babu inda za mu kama zaren. Abin da ya fi damuna shi ne mako shidan da ta yi tana zargin jikinta, har ta fara tunanin daina cin abincin dare gaba ɗaya, alhali matsalar kalma ɗaya ce da ba ta cikin littafin: ɗanye ko dafaffe.

Sai dai na ja mata kunne kada ta koma ɗaya ƙarshen, ta riƙa bin kalori ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirga kuɗin banki. Ni kaina 2,045 ɗin nan ban rantse a kansa ba, "wajen dubu biyu" shi ne gaskiyar magana. Lambobin Atwater matsakaita ne, an fitar da su daga gaurayen abinci. Tun 1955 ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar da wasu lambobi na musamman ga kowane rukunin abinci, shi ya sa wani jadawali zai ce mai 884, wata kwalba ta ce 900, kuma dukansu ba su yi ƙarya ba. Dokar Amurka tana ƙyale kalorin da ke cikin abinci ya zarce na jikin leda da har kashi 20 cikin ɗari kafin a ce an saɓa. Sannan jiki ba ya tatse komai daga kowane abinci daidai wa daida. A 2012 masu bincike na ma'aikatar noman nan suka ciyar da mutane 'ya'yan almon, masu kama da gyaɗa, suka auna abin da ya fita, suka tarar giram 28 yana ba jiki kalori kusan 129, ba wajen 170 da lissafi ya nuna ba, domin wani sashe na maiƙon yana kulle cikin ƙwayoyin da haƙori bai fasa ba. Kuskuren kashi biyar ko goma yana cikin jinin wannan lissafin, babu sikelin da zai cire shi. Abin da ake iya cirewa shi ne irin na shinkafa, inda lamba ta kusan ninka sau uku.

Gyaran da muka yi kaɗan ne. Littafin ya samu gida na huɗu, inda za ta rubuta halin da abincin yake ciki lokacin da ya hau sikeli. Duk abin da zai shiga tukunya ana auna shi kafin ya shiga, a yi amfani da lambar ɗanye. Kwalbar mai tana hawa sikeli sau biyu, kafin zubawa da bayan zubawa. Nauyin tukwanenta uku an rubuta su a bangon littafin don kada a riƙa maimaitawa. Yawan abin da za ta rage kuwa ban sa baki ba, na ce ta koma da littafin wajen ma'aikaciyar da ta yanka mata adadin, tunda ita ta san hawan jininta da magungunanta. Can aka mayar da shinkafar giram 70, man tukunya ya sauko 50, yogot ya dawo, kuma ba a taɓa abincin dare ba. A zuwanta asibiti na gaba nauyin ya fara sauka, a hankali, yadda ake so.

Bayan kwana biyu ta sake kira, wannan karon a kan suya. Soyayyen abu shi ne ya haɗa matsalolin biyu wuri guda: ruwa yana fita, mai yana shiga, nauyi yana raguwa kuzari yana ƙaruwa. Ba ta jira ni ba, ta riga ta gwada. Ta fere dankali ta auna giram 200, kalori 154. Ta auna kaskon da mansa kafin ta ɗora, ta soya, ta bari ya huce ta sake aunawa, man ya ragu da giram 22, wato kusan 194. Dankalin ya fito da giram 120 kacal, ɗauke da kalori 348.

"Auta," ta ce, "man da ya fantsama a murhu da wanda ya rage a matsami fa, a cire shi ko a bar shi?"

Na ce ta auna matsamin shi ma, kafin da bayan. Ta ce ai ta riga ta yi, giram 3 ne.